Ku Matso Kusa, 'Yan Anya-Kuwa

Na san ku, ba sai kun gabatar da kanku ba. Ku ne idan aka ce an yi ruwa jiya a ƙauye sai kun taɓa rigar mai labarin kun ji ko da danshi. Ku ne idan ana hira a majalisa kuke karkata hula, ku kanne ido ɗaya, ku ja dogon "anya kuwa?" har sai mai magana ya fara kokwanton sunan kansa. To ku gyara zama, yau abin da kuka fi so na kawo muku: littafin da wata mata ta wallafa tana gab da cika shekara 30, a kan abin da ya fara samunta tana da shekara 5. Na ga har wani a baya can ya fara murza hannu. Haƙuri, Malam, a bari in gama shimfiɗa.

Sunanta Loung Ung. An haife ta a 1970 a Phnom Penh, babban birnin Kambodiya, ita ce ta shida cikin 'ya'ya bakwai. Mahaifinta kyaftin ne a 'yan sandan soja na gwamnatin Lon Nol, gidansu gidan rufin asiri ne. Ranar 17 ga Afrilu 1975 mayaƙan kwaminis na Khmer Rouge suka shigo birnin, baƙaƙen kaya a jiki, takalman tayar mota a ƙafa, suka ce kowa ya fita, Amurka za ta yi ruwan bama-bamai, bayan kwana uku a dawo. Mutum wajen miliyan 2 suka bazama kan titi, har da marasa lafiya a kan gadajen asibiti. Kwana ukun nan sai da ya zama shekara 3 da wata 8 da kwana 20. Aka soke kuɗi, aka rufe kasuwa da makaranta da wuraren ibada, aka mai da ƙasa gaba ɗaya gonar shinkafa ta tilas. Kafin sojojin Biyetnam su kori shugaban Khmer Rouge, Pol Pot, a Janairun 1979, tsakanin mutum miliyan 1.5 zuwa miliyan 2 sun mutu, a ƙasar da mutanenta ba su cika miliyan 8 ba.

A cikin lissafin nan akwai huɗu daga gidansu Loung. Yayarta Keav ciwo ya kashe ta bayan an tura ta sansanin aiki. Mahaifin, wanda ya yi ta ɓoye ko shi wane ne, wata rana a ƙarshen 1976 sojoji suka zo ƙauyen Ro Leap suka ce ya zo ya taimaka musu, amalankensu ya maƙale a laka. Bai dawo ba. Uwar ta kori 'ya'yan da suka rage, ta ce su rarrabu, su sauya suna, su ce su marayu ne, don kada a haɗa su a kashe a rami ɗaya. Daga baya ita ma aka tafi da ita tare da autar gidan, Geak. Loung ta faɗa sansanin da ake koya wa yara riƙon bindiga. A 1980 ita da babban yayanta Meng suka isa jihar Vermont a Amurka, bayan sun bi ta Biyetnam da sansanin 'yan gudun hijira a Tailan. A 2000 ta fitar da littafin First They Killed My Father, wato mahaifina suka fara kashewa.

To, bisimilla. Wa zai fara? Alhaji, na ga hannunka tun ɗazu a sama.

Ka ce yarinya 'yar shekara 5 ba ta riƙe zance, balle ta kawo shi dalla-dalla bayan shekara 25, da wanda ya ce kaza da wanda ya amsa da kaza. Ka yi gaskiya, rabi. Littafin cike yake da hirarraki kamar an naɗe su a kaset, har da wuraren da uba ke warware wa 'yarsa siyasar ƙasa tiryan-tiryan, ita kuwa tana fahimta kamar ɗalibar jami'a. Wannan babbar Loung ce ta ara wa ƙaramar baki, kuma duk mai karatu da idonsa biyu zai gane. Yayyenta huɗu sun rayu, Meng da Khouy da Kim da Chou, duk sun girme ta, kuma a gidan da aka yi irin wannan rashi, labarin wa da na ƙanwa cuɗewa suke yi har mutum ya kasa raba wanda ya gani da wanda aka faɗa masa. Amma, Alhaji, kai da ka iya lissafin riba ba tare da kwakuleta ba, me ya sa ka daskarar da yarinyar a shekara 5? Lokacin da aka tafi da ubanta ta haura 6. Lokacin da aka tafi da uwarta ta haura 8. Ko a wurinku yaran Kambodiya ba sa girma ne?

Kuma tunda yawancinku kun zauna gaban malamai, bari in aro ma'auni daga inda kuka san shi. Ba ina haɗa littafin wata baiwar Allah da hadisi ba ne, Allah Ya tsare, kada wani ya tashi da fatawa. Sikelin kawai nake aro. A Sahihul Bukhari, cikin Kitabul Ilmi, akwai babi sukutum a kan yaushe ne jin ƙaramin yaro yake inganta. A nan aka kawo sahabi Mahmud bin Rabi'u, Allah Ya yarda da shi, wanda ya riƙe cewa Annabi (SAW) ya fesa masa ruwan guga a fuska yana ɗan shekara 5. Malamai da dama suka kafa hujja da wannan cewa ana iya ɗaukar ruwaya tun ana yaro a isar da ita bayan an balaga. Wasu suka ce ba shekaru ne abin dubawa ba, wayo ne. Ku lura da abin da ya riƙe: ruwa a fuska. Abin da ya taɓa jiki. Irinsa ne yaro ke ajiyewa. Loung ta riƙe jar rigarta ta bikin sabuwar shekara da sojoji suka jefa a wuta a gaban idonta. Ta riƙe daren da yunwa ta sa ta lallaɓa ta ɗebi ɗanyar shinkafa daga 'yar wadda gidan suka ɓoye, ta tauna a duhu, da safe aka ɗora wa ɓeraye laifi, ita kuwa ta yi tsit. Wanda ke son ya ƙaga wa kansa tarihin jarunta ba ya rubuta cewa ya saci abincin ƙanwarsa mai fama da yunwa.

Waɗannan malamai dai su ne suka raba mana abu biyu da ku kuke son ku cakuɗa. Akwai mai ruwaya adali wanda haddarsa ke da rauni: yana kuskure, amma ba ya ƙarya. Akwai kuma mai ƙirƙira, wanda ya zauna ya shirya. Na farko ana duba ko wasu sun zo da irin abin da ya zo da shi, idan sun zo sai ruwayarsa ta yi ƙarfi. Na biyu ana watsar da shi da kayansa. Ku kuwa da zarar kun ga tuntuɓe ɗaya sai ku ce wake ɗaya shi ke ɓata gari, a zubar da kwano.

Yanzu ga waken naku, kada ku ce na ɓoye. A cikin littafin akwai hoton iyali da aka rubuta a ƙasansa cewa ziyara ce da suka kai Angkor Wat, shahararren wurin bautar nan na ƙarni na 12 da ke kan tutar ƙasar. Jim kaɗan bayan fitowar littafin, wasu 'yan Kambodiya mazauna Amurka a ƙarƙashin cibiyar Khmer Institute, cikinsu har da Sody Lay, suka bi shi shafi-shafi. Suka ce wannan hoto ba Angkor ba ne, Wat Phnom ne, wani wurin bauta a kan ɗan tudu a tsakiyar Phnom Penh, tafiyar 'yan mintoci daga gida. Suka ƙara da cewa tun 1970 yankin Angkor ke hannun 'yan kwaminis, kuma tsakaninsa da babban birni fiye da kilomita 300 ne na hanyar da yaƙi ya cinye. Wane jami'in Lon Nol ne zai kwashi mata da 'ya'ya ya kai su yawon buɗe ido cikin bakin kura? Wannan hujja ce mai ƙafa huɗu, ban da abin cewa. Ku tafa. Hajiya, ke ma tafa, yau ranarku ce.

Kun gama? To sai ku faɗa mini abin da ya rushe. A cire hoton, a cire tafiyar Angkor, a ce yarinya ta ga gini mai tsini ta girma tana zaton shi ne babban nan da kowa ke faɗa. Uban ya dawo? Keav ta tashi? Geak ta girma ta yi aure? Laifin da na gani a nan na kamfanin ɗab'i ne da editocinsa a New York, waɗanda da sun miƙa wa dattijo ɗaya ɗan Phnom Penh hoton kafin a buga, da ya gyara musu kafin shayinsa ya huce. Ba su yi ba, domin ba dattawan Phnom Penh suke sa ran za su saya ba.

Akwai wanda ya fi hoton ba ku haushi, na sani. Loung ta rubuta yadda aka kashe mahaifinta, bakin rami, hannu a ɗaure, alhali ba ta wurin. Haka ta yi wa mutuwar uwarta da Geak. "Ka ji ko! Ƙage a fili!" To ai ba a ɓoye ta yi ba. Ta nuna cewa abin da zuciyarta ke haska mata ne, tunda abin da idonta ya gani ya ƙare a bayan mutum yana tafiya tsakanin sojoji biyu. Ba gawa, ba kabari, ba wanda ya zo ya ce ga ranar da ya cika. Yaron da aka bari da irin wannan giɓi cike shi yake yi, ko ya rubuta ko bai rubuta ba. Ni dai da za a tambaye ni, da na ce ta rage. Inda ta tsaya a kan abin da ta gani ya fi duka ciwo, kuma ya fi wuyar musantawa. Amma tsakanin "ta cika zaƙi" da "ta yi ƙarya" akwai tafiyar yini.

Sukar da ta fi nauyi kuwa ba ta hoto ba ce, kuma na lura ba ku cika kawo ta ba, wataƙila don tana bukatar karatu. Mahaifiyar Loung 'yar asalin Sin ce, uban ruwa biyu ne. A littafin, sau da yawa farar fatarsu ce ake nunawa a matsayin abin da ya jawo musu tsana, mutanen ƙauye 'yan ƙabilar Khmer masu duhun fata kuwa su fito a matsayin masu mugunta da hassada. Masu suka suka ce wannan ya mai da bala'in kamar Khmer ne suka tashi a kan Sinawa, alhali mafi yawan waɗanda suka mutu Khmer ne, kuma talakan ƙauyen da ake zana shi da baƙin fenti shi ne wanda jiragen Amurka suka yi ta zuba wa bama-bamai daga 1969 zuwa 1973 tun kafin 'yan birni su san ana yaƙi. A ɗaya ɓangaren, masanin tarihi Ben Kiernan ya ƙiyasta cewa cikin Sinawan Kambodiya wajen 430,000 kusan rabi suka hallaka, don haka tsoron yarinyar ba mafarki ba ne. Abin da masana ke ja a kai shi ne ko don Sinancinsu aka kashe su ko don yawancinsu 'yan birni ne kuma 'yan kasuwa, musamman tunda ƙasar Sin ce babbar uwar ɗakin Pol Pot. Kotun musamman da Majalisar Ɗinkin Duniya ta mara wa baya, da ta yanke hukuncin kisan ƙare dangi a Nuwamban 2018 a kan jiga-jigan Khmer Rouge biyu, Nuon Chea da Khieu Samphan, a kan 'yan asalin Biyetnam ta yanke shi, Nuon Chea kuma aka ƙara masa da na Musulmin ƙabilar Cham, waɗanda aka rusa wa masallatai, aka hana su salla da Alƙur'ani, aka tilasta musu cin naman alade.

Wannan gardama ce ta gaske, kuma ina ganin masu sukar suna da hakki. Ba wai suna cewa ba a yi kisa ba ne. Su ma danginsu ke cikin ramukan. Abin da ke cinsu shi ne littafi ɗaya, na yarinya ɗaya daga gidan masu hali, ya zama shi ne Kambodiyar da ɗaliban Amurka suka sani, alhali ga littafin Haing Ngor, likitan da ya ɓoye likitancinsa har matarsa ta mutu wajen haihuwa a gabansa, ga na Pin Yathay, ga na Chanrithy Him da ya fito a shekara ɗaya da na Loung. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan su suka ce "ba haka ƙauyenmu yake ba", dole a saurara. Amma ku fa? Kai Malam mai kanne ido, da na ce Kambodiya ɗazu ba Kolombiya ka fara nema a waya ba? Su sukarsu ta wanda ya ƙone ne a gobara ɗaya. Taku ta mai wucewa ce da ya tsaya yana cewa hayaƙin bai yi masa kama da na gaske ba.

Kuma kada ku ɗauka ku kuka fara. Kuna da magabata, manya masu digiri. A 1977, lokacin da ake tsakiyar kisan, wani limamin Katolika Bafaranshe, François Ponchaud, wanda ya iya harshen Khmer kuma yana cikin baƙin ƙarshe da aka fitar daga ƙasar, ya tattara bayanan 'yan gudun hijira ya fitar da littafi. A Yunin shekarar Noam Chomsky da Edward Herman suka rubuta a mujallar The Nation suna jan kunne cewa a yi hattara da labarin 'yan gudun hijira, domin sukan faɗi abin da mai tambaya ke son ji. A ƙa'ida maganar ba ta da aibu, kuma suna da dalilin zargin jaridun ƙasarsu, waɗanda suka sha yin ƙarya a kan yaƙin yankin. Sai dai a wannan karon manoman da ke tsallaka iyakar Tailan da kumburarrun ƙafafu su ne masu gaskiya. Wani Baswidine, Gunnar Bergström, ya je a 1978, aka zaga da shi, ya ci abinci da Pol Pot, ya koma gida yana yabo. Bayan shekara 30 ya dawo yana bin gari-gari yana neman gafara. Wani malamin jami'a a Landan, Malcolm Caldwell, wanda ya daɗe yana kare gwamnatin yana ƙaryata labaran kisa, shi ma ya je a Disamban 1978. Ya gana da Pol Pot da rana, ya dawo masauki cike da farin ciki. A daren aka harbe shi a gidan baƙin. Ba dariya nake yi ba. Ina dai nuna muku cewa "anya kuwa?" ma tana da nata tarihin kurakurai, kuma ba ta cika son a karanto mata shi ba.

Na ji wani ya ce shi takarda yake so, mai kwanan wata da sa hannu, ba hawaye ba. Madalla, zo in kai ka inda takarda take. A Phnom Penh akwai wata makarantar sakandare da aka mayar kurkuku, Tuol Sleng, wadda 'yan Khmer Rouge suke kira S-21. Shugabanta Kaing Guek Eav, da aka fi sani da Duch, tsohon malamin lissafi ne, kuma ya riƙe wurin kamar rajistar aji. Duk wanda aka kawo sai an ɗauke shi hoto da lamba a ƙirji, an rubuta tarihinsa, an azabtar da shi har ya rubuta ikirari, ya sa hannu ko ya dangwala. Sama da mutum 12,000 kotu ta tabbatar sun shiga, waɗanda suka fito da rai 'yan ƙalilan ne. Dubban shafuka suna nan, tsaf-tsaf, da kwanan wata. Kuma kusan duk abin da ke cikinsu ƙarya ne: manomi da bai taɓa ganin Bature ba ya amsa cewa shi ɗan leƙen asirin CIA ne da KGB a lokaci guda. Wani saurayi ɗan New Zealand, Kerry Hamill, da aka kama a jirgin ruwansa a 1978, da aka matsa masa ya faɗi shugabanninsa a CIA, sai ya sa har da Kanar Sanders, wato tsohon nan mai farin gemu na kamfanin soyayyar kaza KFC. Aka rubuta, aka adana, aka kashe shi. Ga takardarka nan, Malam, hatimi da komai. Ka gaskata ta?

A kurkukun nan ne kuma aka yi abin da nake so ku riƙe. Da sojojin Biyetnam suka shiga a Janairun 1979, sun tarar da wasu yara ƙanana da suka ɓuya cikin tarin tufafin fursunoni. Ɗaya daga cikinsu, Norng Chan Phal, ya tsaya gaban kotu a Yulin 2009, ya ba da labarin yadda aka kawo su da mahaifiyarsa, da yadda ya hange ta ta taga a bene karo na ƙarshe. Duch, cikin ladabi irin na malami, ya ce shi fa bai ga takardar da ta nuna uwar ta shiga S-21 ba, kuma a tsarinsa ba a barin yaro da rai, don haka yana shakka. Wato shi ma ɗan ƙungiyarku ne, har da katin zama memba. Bayan 'yan kwanaki masu gabatar da ƙara suka zaƙulo takardar uwar daga cikin tarin da shi da kansa ya sa aka adana. Sai ya amsa. Yaron bai riƙe lambar fayil ba, bai san kwanan wata ba. Taga ya riƙe da fuskar uwarsa. An yanke wa Duch hukunci a 2010, aka mai da shi ɗaurin rai da rai a 2012, ya mutu a 2020.

Kada fuskokinku su yi haka mana. Ban kira ku don in kore ku ba. Akwai inda ake bukatarku, kuma a Kambodiyar dai. Somaly Mam ta rubuta littafi, The Road of Lost Innocence, inda ta ce marainiya ce da wani tsoho ya bautar, ya sayar da ita gidan karuwai. Ta kafa ƙungiyar ceton 'yan mata, ta karɓi lambar yabo ta Yariman Asturias a Sifaniya a 1998, mujallar Time ta sa ta cikin mutum 100 mafiya tasiri a 2009, taurarin fim da manyan attajirai suna rububin ɗaukar hoto da ita, miliyoyin daloli na shigowa. Sai wani ɗan jarida, Simon Marks, ya ce anya kuwa. Amma bai faɗa a majalisa ya koma ya kishingiɗa ba. Ya shafe shekaru yana bi. Ya je ƙauyen da ta tashi, ya zauna da malaman makaranta da tsofaffin 'yan ajinsu, waɗanda suka ce sun san ta tana zuwa makaranta a shekarun da ta ce tana hannun masu fataucin mata. Ya nemo bayanan asibiti na wata yarinya da ake nunawa duniya cewa mai gidan karuwai ce ta ƙwaƙule mata ido, suka nuna likita ne ya yi mata aiki saboda ƙari. Ita kanta Somaly ta janye maganar da ta yi a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya cewa sojoji sun kashe 'yan mata takwas daga gidanta. A Mayun 2014 Newsweek ta buga binciken a bangonta. Cikin kwanaki ta ajiye muƙaminta, kafin ƙarshen shekara gidauniyar da ke ɗauke da sunanta a Amurka ta rufe. Ita dai ta ci gaba da cewa ba ta yi ƙarya a kan rayuwarta ba. Amma ku dubi inda tambayar ta sauka: a kan ginshiƙin labarin, ba a kan rubutun ƙasan hoto ba. Kuma akwai kuɗin jama'a da 'yan mata masu rai da abin ya shafa.

A wajen Loung kuwa, ko masu sukarta mafiya zafi ba su zo da uban yana shan shayi a Faris ba. Abin da ta faɗa na kora daga birni, da kunun shinkafa mai ƙwayoyi ƙidayayyu, da mutanen da ake kira da yamma ba su dawo ba, dubban mutane da ba su san juna ba sun faɗe shi, da Khmer da Faransanci da Turanci, a littafi da gaban alƙali. Cibiyar adana bayanai ta Kambodiya, DC-Cam, ta bi ƙasar lungu-lungu ta gano ramukan gawa kusan 20,000 da kurkuku kusan 200. Idan wannan bai kai mutawatiri a wurinku ba, to ban san me zai kai ba. Wani malamin adabi ɗan Kambodiya a Amurka, Bunkong Tuon, wanda shi ma yaro ne a zamanin, ya yi rubutu a 2013 a kan wannan rigima. Bai musanta kurakuran ba, ya dai ce shaida irin wannan ba a karanta ta yadda ake karanta littafin tarihi. Ni zan ɗan fi shi tsauri: a gyara abin da ya gyaru, a rubuta a sabon bugu cewa ga inda aka yi kuskure, a daina sayar da littafi ɗaya a matsayin ƙasa guda. Wannan bashi ne a kan marubuciya da masu buga mata.

Ku kuma naku bashin daban. Ina so in san inda wannan kaifin basira taku take shiga idan saƙon murya ya shigo WhatsApp da ƙarfe biyun dare. A Agustan 2014, da aka ce a yi wanka da ruwan gishiri a sha don maganin Ebola, wa ya tashi gidansa kaf da asuba yana dafa ruwa? Kada ka sunkuyar da kai, Alhaji, ba kai kaɗai ba ne, layinku gaba ɗaya aka ji ƙarar bokiti. Ranar ba wanda ya nemi isnadi. Sai yarinyar da aka kashe wa uwa da uba ce za a tsayar a titi a ce ta kawo rasit.

Ga ɗan abin da za ku tafi da shi ku yi ta bincike. A 2017 Angelina Jolie ta mai da littafin Loung fim, da harshen Khmer, da 'yan wasa 'yan ƙasar, tare da Rithy Panh, mai shirya fim ɗin da shi ma ya rasa iyayensa a zamanin. An fara nuna shi a Fabrairun shekarar a fili, cikin kangayen Angkor, Sarki Norodom Sihamoni na zaune, Loung na wurin, masu ɗaukar hoto ko'ina. Kafin wani ya zabura: a dandalin giwaye na Angkor Thom aka yi, ba a Angkor Wat ba, tsakaninsu 'yan kilomitoci ne. Na faɗa da bakina tun kafin ku rubuto.